Magana Zarar Bunu: Sharhi a Kan Rayuwar Aikin Farfesa Austin

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekara ta uku a sashen Hausa ya taɓa cin karo da sunan Austin, ko dai a darasin ilmin ma'ana, ko kuwa a cikin kundin wani da ya riga shi fita. Galibi layi biyu ne ko uku a babi na biyu: a ce Austin ya faɗi kaza a 1962, a jera kashe-kashen maganar da ya yi, sa'an nan a wuce gaba. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a 1962 ɗin nan mutumin ya riga ya shekara biyu a kabari, kuma littafin da ake jingina masa bai taɓa ganinsa a buge ba.

Manufata a wannan sharhi ita ce in duba yadda wannan malami ya tafiyar da aikinsa na jami'a a fagen falsafar harshe, watau fannin da ke binciken yadda magana ke samun ma'ana da kuma abin da take aikatawa a tsakanin mutane. Zan faɗi inda nake ganin ya yi fice, in kuma faɗi inda ya gaza. Dalilina shi ne, akwai daga cikinmu masu burin zama malaman jami'a, kuma wanda zai bi sawun wani ya kamata ya san inda sawun ya bi da inda ya ɓace.

Wane Ne Austin?

An haifi John Langshaw Austin a garin Lankasta na ƙasar Ingila a watan Maris na 1911. Ya shiga Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oksfod a 1929, inda ya karanci Girkanci da Latin da falsafa. Ya fita da daraja ta ɗaya a 1933, a shekarar kuma ya ci jarrabawar Kwalejin All Souls, inda ake ba saurayi mai hazaƙa ɗaki da abinci da albashi don ya zauna ya yi nazari. A 1935 ya koma Kwalejin Magdalen yana koyarwa. Bai yi digirin dakta ba, don a Oksfod ta wancan zamani ba a ɗauke shi sharaɗin zama malami ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya shiga soja, aka sa shi a sashen tattara bayanan sirri. Shi ya shugabanci ƙungiyar da ta riƙa harhaɗa labarin gaɓar tekun Faransa da shirin da Jamusawa suka yi a kanta, kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandi a 1944. Ya bar soja da muƙamin laftanar-kanar. Wannan aiki ya bar masa alama, domin a can ya ga yadda mutane da yawa kan haɗu, kowa ya kawo ɗan guntun abin da ya samo, a tankaɗe a rairaye har gaskiya ta fito. Da ya komo Oksfod sai ya ƙudurta cewa haka ya kamata a yi falsafa.

Daga nan ne ya kafa zaman nan nasa na safiyar Asabar. Matasan malamai irin su Grice da Strawson da Hare da Urmson da Warnock sukan taru, a ɗauki littafi a bi shi jimla bayan jimla, ko a ɗauki kalmomi uku ko huɗu masu kama da juna a yi ta juya su har a gano inda suka rabu. A 1952 aka ba shi kujerar farfesan falsafar ɗabi'a. Ya rasu a watan Fabrairu na 1960 da ciwon dajin huhu, yana da shekara 48. Duk tsawon rayuwarsa maƙala bakwai kaɗai ya buga, sai fassarar wani littafin Frege daga Jamusanci a 1950. Bai fitar da littafi nasa na kansa ko ɗaya ba.

Kunnen Malami

Abin da ya fi burge ni game da Austin shi ne kunnensa. A wata maƙala da ya gabatar a 1956 a kan uzuri da neman hanzari, ya kawo misalin mutum biyu, kowa da jakinsa, suna kiwo wuri ɗaya. Ɗaya ya yi niyyar harbe nasa. In ya auna jakin maƙwabcinsa yana zaton nasa ne, wannan abu ɗaya ne. In kuwa nasa ɗin ya auna, jakin ya goce harsashi ya sami na maƙwabci, wannan wani abu ne daban. Jaki dai ya mutu ko ta yaya, amma kalmar da za a ba da haƙuri da ita ba ɗaya ba ce. Bahaushe zai gane wannan nan take, domin na farko kuskure ne, na biyu kuwa tsautsayi. Haka kuma ganganci daban, sakaci daban, mantuwa daban, rashin sani daban, kuma alƙali ba ya yi musu hukunci ɗaya.

Ra'ayin Austin shi ne, irin waɗannan bambance-bambance ba banza suka zauna cikin harshe ba. Al'umma ce ta daɗe tana gwada su cikin rigingimunta da cinikinta da shari'unta, waɗanda suka yi amfani suka tsira. Don haka kafin masani ya zauna a kujera ya ƙago sababbin kalmomi a kan laifi da niyya da 'yancin zaɓi, ya kamata ya fara sauraron abin da mutane suka riga suka rarrabe. Bai ce maganar yau da kullum ita ce ƙarshen bincike ba, ya dai ce daga nan ake farawa. Kayan aikinsa kuwa ƙamus ne, da rahoton shari'u, da abokan zama masu musu. A ganina wannan shi ne gadon da ya fi daraja a cikin abin da ya bari.

Littafin da Bai Gani Ba

A 1955 Jami'ar Habad ta Amurka ta gayyace shi ya gabatar da laccoci goma sha biyu. Bayan rasuwarsa Urmson ya tattara takardun da ya bari, ya cike giɓi da abin da masu sauraro suka rubuta, aka buga su a 1962 da sunan How to Do Things with Words, watau yadda ake aikata abubuwa da kalmomi.

Don a gane muhimmancin littafin sai a san abin da ya tarar. A lokacin, ra'ayin da A. J. Ayer ya yaɗa a Ingila tun 1936 yana da ƙarfi: cewa in ka ɗebe lissafi da mantiƙi, jimla mai ma'ana ita ce wadda za a iya bincikawa a gane gaskiya ce ko ƙarya. Austin ya nuna cewa akwai tarin jimloli masu cikakkiyar ma'ana waɗanda ba labari suke bayarwa ba, faɗinsu shi ne aikata abin. Misalansa na ƙasarsu ne, irin su raɗa wa jirgin ruwa suna da yin wasiyya da caca, amma ba sai mun je Ingila ba. In mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. In wanda aka cuta ya ce "na yafe", hakki ya sauka. In miji ya ce "na sake ki", igiya ta tsinke. Ba wanda zai ce musu "ƙarya kake", don ba labari suka bayar ba. Wannan shi zan kira furucin aikatawa, kishiyarsa kuwa furucin labari.

Furucin aikatawa ba ya zama ƙarya, amma yana iya lalacewa. Austin ya jera sharuɗɗan ingancinsa: a sami wata ƙa'ida da jama'a suka amince da ita, mai furucin ya zama wanda ya cancanta, a yi shi daidai kuma a kammala, sa'an nan zuciya ta dace da baki. In sharuɗɗan farko suka ɓaci, aikin bai auku ba sam. In na ƙarshe ne ya ɓaci, aikin ya auku amma da ha'inci. Wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ya san wannan. In wani ɗan kallo ya miƙe ya ce "na bayar", ba a ɗaura kome ba, don shi ba waliyyi ba ne. Wanda kuwa ya yi alkawari yana da niyyar saɓawa, alkawarin ya hau kansa, sai dai shi mayaudari ne.

Abin sha'awa a tsarin littafin shi ne, bayan Austin ya gina wannan katanga tsakanin furucin labari da na aikatawa, sai ya juyo ya rushe ta da hannunsa. Ya gano cewa ba da labari ma aiki ne, kuma shi ma yana iya lalacewa. Daga nan ya kawo sabon tsari: kowace magana tana da fuska uku. Alal misali, uwa ta ce wa 'yarta, "Hadari ya haɗo." Fitar kalmomin da ma'anarsu fuska ce ta farko. Abin da uwar ta aikata cikin faɗinsu, watau umarni a kwashe shanya, ita ce ta biyu. Tashin da yarinyar ta yi da gudu, ko ƙunƙunin da ta yi, ita ce ta uku. A lacca ta ƙarshe ya kasa fuska ta biyu gida biyar: yanke hukunci, zartar da iko, ɗaukar nauyi, mu'amala irin gaisuwa da ta'aziyya da godiya, sai bayyana matsayin mutum cikin muhawara. Shi da kansa ya nuna bai gamsu da wannan rabo ba. Mu ne muka mai da shi tamkar karatun allo.

Inda Ya Gaza

Na farko, Austin ya gabatar da bincikensa kamar abin da masana suka yi sake da shi, ba a kula da shi yadda ya kamata ba. Wannan gaskiya ne in an tsaya ga falsafar Ingila, amma duniya ta fi Ingila faɗi. Wani Bajamushe, Adolf Reinach, ya yi rubutu a kan alkawari da umarni a matsayin ayyukan zaman jama'a tun 1913. Kafin shi da ɗaruruwan shekaru, malaman balaga na Larabci sun kasa magana gida biyu, habar da insha'i. Habar ita ce maganar da ke karɓar gaskatawa ko ƙaryatawa, insha'i kuwa wadda ba ta karɓa, kamar umarni da hani da tambaya da kira da rantsuwa, har da sigogin ƙulla ciniki da aure. Wannan rabo yana cikin Talkhisul Miftah na Alƙazwini, wanda ya rasu a 1338, kuma Suyuɗi ya waƙe shi a cikin Uƙudul Juman, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Ba na zargin Austin da sata, domin hanyarsa daban ce, kuma rushe katangar da ya yi nasa ne. Amma abin takaici ne ɗalibin Hausa ya rubuta cewa a 1962 aka fara gano wannan, alhali malamin zauren unguwarsu yana karantar da rabinsa.

Na biyu, harshen wa ake nufi da harshen yau da kullum? Ma'aunin nahawun da Austin ya fara gwadawa shi ne, furucin aikatawa yakan zo da bakin mutum na ɗaya tilo, cikin lokacin yanzu. Haka abin yake a Ingilishi. A Hausa kuwa manyan furucin aikatawa da shuɗaɗɗen lokaci suke zuwa: na rantse, na yafe, na sallama, na karɓa, na yi alkawari. Sigar tana nuna an riga an gama, alhali a daidai faɗinta ne abin ke aukuwa. Waɗansu kuma da lokaci mai ci suke zuwa: ina roƙonka, ina yi maka ta'aziyya, ina neman afuwa. Me ya sa yafiya ta ɗauki wancan, roƙo ya ɗauki wannan? A zatona, abin da ke hannun mai magana ya yanke shi kaɗai yakan zo a shuɗe, abin da ke jiran amsar wani kuwa yakan zo yana ci. Ko zaton nan ya tabbata ko bai tabbata ba, tambaya ce da Ingilishi ba zai taɓa jefa wa Austin ba.

Ko a cikin Ingilishin ma an yi masa wannan suka. A 1958 Benson Mates na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa Austin da Gilbert Ryle, farfesoshi biyu a jami'a ɗaya, sun saɓa a kan yadda ake amfani da kalmar da ke nufin yin abu da son rai. Ryle ya ce ba a faɗinta sai a kan aikin da ake zargi, Austin kuwa ya kawo misalin kyauta da shiga soja. In mutum biyu masu cin abinci a gari ɗaya ba su daidaita ba, ina ga sauran jama'a? A 1959 kuma Ernest Gellner ya fitar da littafi yana sukar falsafar Oksfod baki ɗaya, Bertrand Russell ya rubuta masa gabatarwa. Daga baya, a wata maƙala da ta fito a 1982, Michelle Rosaldo ta nuna cewa mutanen Ilongot na ƙasar Filifin ba su ɗauki alkawari da abin da ke zuciyar mutum ɗaya a matsayin ginshiƙin magana ba. Umarni da roƙo, da wanda ya isa ya sa wani aiki, su ne a gaba a wurinsu. Zaman Asabar zama ne mai albarka, amma duk mazaunansa makaranta iri ɗaya suka yi.

Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu ɗaliban adabi, Austin ya ware maganar ɗan wasa a dandali da ta mawaƙi da ta mai raha, ya ce ba ita yake nazari ba, ya ɗauke ta tamkar kauci a jikin itace. Jacques Derrida na Faransa ya soki wannan a 1971, John Searle ya mayar masa da martani a 1977. Ni ba sai na shiga rigimarsu ba, don hujjata tana kusa. Maroƙi in ya wasa mutum a bainar jama'a, ya ɗora masa nauyin kyauta, in ya ƙi kuwa ya zubar da girmansa. Zambo yakan hana mutum shiga kasuwa. Kirarin ɗan dambe ƙalubale ne, wanda ya ji kuma bai fito ba an san matsayinsa. Waɗannan duk waƙa ce ko ɗiyar waƙa, kuma suna aikata abin da takardar kotu ba ta iyawa. Ta wajen raha kuwa, a fiƙihun Malikiyya wanda ya furta saki da wasa sakin ya auku. Ashe akwai wuraren da al'umma kan ƙi karɓar uzurin "wasa nake yi", saboda nauyin kalmar ya fi niyyar mai ita.

Haka nan tsarinsa ya fi dacewa da maganar da ke bayyana kanta. To, ina za a sa habaici? Ƙarfinsa duk yana cikin rashin bayyanawa, domin da zarar mace ta ce wa kishiyarta "da ke nake", habaici ya ƙare, faɗa ya fara. Ina za a sa "albarka" ta ɗan kasuwa, wadda lafazinta alheri ne, aikinta kuwa ƙin tayi? Ko "sai na yi shawara", wadda sau da yawa a'a ce cikin ladabi? Grice ne a laccocinsa na 1967, da Searle a 1975, suka zo suka fara cike wannan giɓi.

Na huɗu shi ne rashin buga aiki. Akwai masu yabon Austin a kan haka, suna cewa ya ƙi fitar da ɗanyen abu. Yabon yana da gaskiya, musamman a yau da ake ƙirga takardu kafin a yi wa malami ƙarin girma, har mutum ya yanka bincike ɗaya gida huɗu. Da wuya a sami jami'ar da za ta ba mai maƙala bakwai kujerar farfesa yanzu, kuma wannan hasara ce. Amma jinkirin Austin ma ya jawo hasara. Takardun laccocinsa sau da yawa sukan zama guntu-guntu wajen ƙarshen lacca, har sai da Urmson da Marina Sbisà suka sake komawa kansu suka fitar da bugu na biyu a 1975. Kafin nan Searle, wanda ya yi karatu a wurinsa, ya riga ya fitar da nasa littafin a 1969, ya tsara abin cikin dokoki masu tsauri. Mafi yawan abin da ake koya mana da sunan Austin ta bakin Searle ya iso. Malamin da ya ƙi rubuta maganarsa ya bar wa wasu su faɗe ta yadda suka ji.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan karin magana ya nuna Bahaushe ya daɗe da sanin cewa furuci aiki ne. Amma sani a dunƙule daban, bincike daban, kuma a nan ne Austin ya cancanci girmamawa: ya zauna ya warware abin zare-zare, ya gwada ma'auni, ya ga bai yi ba, ya faɗa a fili ya sake wani.

Abin da nake gani a kundayenmu shi ne, mukan ɗauki gidajen nan biyar da mai su bai gamsu da su ba, mu bi wasan kwaikwayo ko waƙa muna tsintar jimloli muna zubawa ciki, mu ƙirga, mu ce mun yi nazari. Da za a bi hanyarsa da gaske, da sai a ɗauki ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham, a fitar da kalmomin da ke nuna aikin baki, irin su roƙo, bara, magiya, lallashi, tayi, gori, gatse, zunɗe, ba'a, tsegumi da shaguɓe, a zauna mutum biyar ko shida daga garuruwa daban-daban, maza da mata, a yi ta musu a kan inda kowace ta rabu da 'yar'uwarta. Sa'an nan a fita kasuwa da kotu da gidan biki a ji ko abin da aka yanke a zaune ya yi daidai da bakin jama'a. Bayan haka a rubuta, a buga, tun mutum yana da rai da zai kare maganarsa.

Ina fata 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar wannan fanni za su nemi littafin su karanta shi da kansu, don ƙarami ne, kuma cike yake da raha. Wanda ya ga na zalunci Austin ko na yi masa sassauci, filin wannan mujalla a buɗe yake. Allah ya sa mu dace.